Rijiyar da Muka Binne da Ruwanta

Ku samarin da kuke zama a bakin shagon cajin waya na Dogo Nini a nan Potiskum, ina jin abin da kuke faɗa in na wuce. Wai ginin rijiya rami ne kawai, duk mai ƙarfi zai iya. To, kabari ma rami ne. Abin da ya raba su, a rijiya ana sa ran ka fito. Na fi shekara talatin ina shiga ƙasa ina fitowa. Gwiwa ta gaji, kafaɗar dama ba ta ɗaguwa ta wuce kunne. Aji uku na yi a firamare, don haka kada wani ya tsaya gyara mini rubutu. Sunana Sale. Ku karanta ko ku bari.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ɗaya ba. Akwai dagi, sandar ƙarfe mai faɗin baki, da shi ake fara buɗe ƙasa. Akwai diga mai gajeriyar ƙota, don a can ƙasa babu wurin ɗaga hannu. Shebur ma sai an datse masa ƙota. Guga na tayar mota, kura da igiya ke bi ta kanta, da fitilar ƙwai. Igiya biyu ce, ɗaya ta ƙasa ɗaya ta mutum, ba a musanya su ko da wasa. Amma babban kayan aiki shi ne wanda yake riƙe maka igiya a sama. Nawa Gimba ne, sa'ana, shekararmu ashirin da biyu tare. In ina ƙasa ba ya hira da kowa. Ko surukinsa ne ya zo gaisuwa sai ya jira.

A hannun Baba Jaji na koya, ɗan ƙabilar Ngizim, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ina jan guga ban sa ƙafa a rami ba. Duk gugan da ya fito sai ya ce in damƙi ƙasar, in shinshina, wani lokaci har in ɗanɗana. Ya ce, "Me ta gaya maka?" In ce ban ji komai ba. Ya ce, "To ja igiya, kurma." A haka na gane marmara tana cin bakin diga amma ba ta cin mutum. Farin yashi mai laushi shi ne maƙiyi, yana zubowa babu sallama. In yumɓu ya yi sanyi ya fara manne wa yatsa, ruwa ya kusa. Abu ɗaya kuma ya fi nanata mini fiye da komai: magini ba ya fara sara. Mai ƙasa ke yin saran farko, sannan ya miƙo maka dagi. A cikin gari maigida ne. A ƙauye kuwa sai ka tambaya, don ba kullum ne mai rawani yake zama mai ƙasa ba.

Rijiyar da na fara shiga ta gidan wani mahauci ce a Yerimaram, gaba goma sha ɗaya. Gaba ita ce tsawon hannuwanka biyu in ka buɗe su, da ita muke awo. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne shirun. Kana sauka hayaniyar gari tana ja da baya, dakan mata, kukan jaki, hon ɗin mota, har su koma kamar abin da ka taɓa ji kana goye. Sama ta tsuke ta zama faifai, can kuma ta zama kwabo. In gajimare ya gifta sai ka ga kamar rijiyar ce take tafiya da kai. Muryar mutum tana saukowa a hankali, ta iso maka da laushi, ko zagi ne. Ranar ban san azahar ta yi ba sai da aka jijjiga igiya.

Akwai wata tsohuwar rijiya a Mamudo da aka kira mu mu yashe ta. Mai gidan yana gaggawa, ya ce jiya ma ya leƙa, lafiya lau take. Baba Jaji bai kula shi ba, ya kunna fitila ya zura. A gaba bakwai wutar ta ƙanƙance, a gaba takwas ta mutu. Iskar da ta kashe fitila za ta kashe mutum, kuma ba ta da wari. Muka saro reshen dogonyaro mai ganye muka ɗaura a igiya, muna zurawa muna jawowa tun hantsi har la'asar, sai da iska mai kyau ta shiga. Mai gidan ya ce mun ɓata masa yini muna wasa da ganye. Irin masu ba mu aiki ke nan. Wani zai ce ka gina masa taku biyar daga masai don nan ne fili ya rage. Wani zai tsaya a kanka yana tambayar saura gaba nawa, kamar kai ka ajiye ruwan a can. Matan gida ne suka san darajarmu. Su suke zuro kunu a cikin guga, an rufe da faifai don kada ƙasa ta shiga.

Muguwar shekara ta zo mana ta hanya biyu. Motocin burtsatse suka cika gari, abin da muke yi a wata ɗaya su yi shi a kwana biyu. Ga kuma tashin hankalin da kuka sani, ba sai na tsaya faɗa ba. Mutumin da ya ɗauko dogon ƙarfe a buhu ba ya wuce shingen bincike sai ya zazzage komai a ƙasa, ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ƙauyuka suka daina kira. Wata takwas ban shiga rami ba. Na koma ɗaukar bulo a wurin gini, yaran da na girmi iyayensu suna ce mini "Baba, yi sauri."

A ƙarshen wannan shekarar wani maƙwabcina Kirista, ma'aikacin asibiti, ya tare ni a ƙofar gida. Ya ce akwai baƙi 'yan mishan da suka sauka a Yerimaram, suna neman mai ginin rijiya na hannu, don inda za su motar burtsatse ba ta shiga. Na wanke rigata ta Juma'a na hau keke napep na tafi.

Gidan haya ne mai ɗaki uku, da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Su huɗu ne. Babbansu Fasto Yakubu, daga wajen Jos, dogo, mai fara'a, Hausarsa tana da wani kari kamar waƙa. Sai Mama Rifkatu, tsohuwar nas, kanta fari fat, ba ta cika magana ba. Sauran biyun mutanen Kudu ne, ɗaya da kyamara ɗaya da littafi, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. A bangon falo sun manna taswira babba, sun soka mata allurai masu kai kala-kala. Fasto ya nuna mini: jajayen inda ake jin Ngizim, shuɗɗan Karai-Karai, korayen Bolanci. Na tsaya ina kallo. Garuruwan da na sha ƙurarsu da ƙafata, ga su sun zama kan allura. Na nemi ƙauyen kakata ban gan shi ba.

Ya ce, "Malam Sale, ba zan ɓoye maka ba. Mu masu bishara ne. Amma yanzu zuwa muka yi mu gani, mu ji, mu san ko za a karɓe mu. Sati shida muna zagayawa. Duk inda muka tambaya me kuke bukata, sai a ce ruwa."

Na ce, "Fasto, ni Musulmi ne. Rami na sani."

Ya yi dariya ya ce, "Ramin muke so. Wa'azin ka bar mana."

Mama Rifkatu ta kawo mini shayi da biredi. Ta dubi hannuna da kyau, ta ce wannan yatsan ya taɓa karyewa ba a ɗora shi daidai ba. Na ce guga ne ya faɗo. Ta girgiza kai kawai. Suka ce sun sami izini, ga takarda daga Bulama, wato dagacin ƙauyen, da sa hannu da hatimi. Ya kamata a nan in tambaya ko sun ga mai ƙasa. Na sha shayina.

Ƙauyen yana can bayan Mamudo, in ka bar kwalta ka bi burji, ka bar burji ka bi sawun shanu. Ba zan faɗi sunansa ba. Gida bai fi arba'in ba, 'yan Karai-Karai ne, wasu suna salla, wasu tsofaffi suna kan abin da suka gada. Rijiyarsu ta kaka da kakanni ta rufta shekara biyu kafin nan, mata suna tafiyar fiye da awa ɗaya zuwa wani gari ɗebo ruwa. Na zagaya, na duba inda gawo da kanya suka yi layi, na nuna wuri a gabas da gari. Bulama ya ce ya yi.

Ranar farawa gari ya fito. Gimba ya kafa itacen kura, na zana da'ira a ƙasa, na riƙe dagi ina jira. Tun da safe na tambayi wata tsohuwa a ɓoye, ta ce mini mai ƙasa Baba Disa ne, kakansa ne ya sari garin. Bulama na hukuma ne, ƙasa ta gidan Baba Disa ce. Can na hango shi ya fito daga gida da sanda, ya sa farar riga wankakkiya, yana tahowa a hankali kamar mai taka ƙwai. Tsakaninsa da mu bai fi taku ɗari ba. Mutane suna satar kallonsa suna matsawa don su ba shi hanya.

Fasto bai san me ake jira ba. Ya ga an yi shiru, ya ɗauka shi ake jira. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo da Hausa, ya roƙi ruwa mai daɗi ga mutanen garin, har Musulmin wurin suka ce amin. Yana gamawa ya miƙo hannu ya ce, "Kawo, Malam Sale, in sa albarka." Ya karɓi dagin daga hannuna. Ban riƙe ba. Ya ɗaga ya kafta a tsakiyar da'irar, mai kyamara ya ɗauka, baƙin suka tafa.

Ba wanda ya tafa a cikin 'yan gari. Baba Disa ya tsaya a inda yake. Ya daɗe a tsaye, iska tana kaɗa masa riga. Sannan ya juya ya koma gida da irin tafiyar da ya zo da ita. Gimba ya dube ni. Ni kuma na sunkuya ina warware igiyar da ba ta harɗe ba. Na san abin da ya faru sarai. Amma wata takwas ba wasa ba ne, na ce a raina in suka ga ruwa za su manta.

Kwana ashirin da uku muka yi. Ƙasar wurin mai kyau ce, jar ƙasa gaba huɗu, marmara gaba uku, sauran yumɓu mai santsi kamar sabulu. Ban taɓa gina rijiya mai daɗin hannu irinta ba. A can ƙasa nakan ji kamar ana daka a wani gari da yake ƙarƙashina, dum, dum, in na tsaya sai ya tsaya. Da rana tsaka haske yakan sauko ya tsaya a bango kamar farin zane da aka shanya, ya yi ɗan lokaci ya naɗe ya hau. Wata tsattsewa takan gifta ta bakin ramin kullum wajen hantsi, har na fara jiranta. Amma guga bai taɓa saukowa da kunu ba. Ko sau ɗaya. Gimba ya ce a sama ma ba mai zuwa leƙe, ko yara.

A gaba goma sha huɗu yumɓu ya yi duhu, ya fara gumi. Na buga dagi sau uku, idon ruwa ya buɗe. Ruwa ya taso ta tsakanin yatsun ƙafata, sanyi ƙalau. Na kamfata na sha. Wallahi kamar an jiƙa rake. Muka saukar da ringin siminti, muka ɗaure baki, muka yi dakali. Baƙin suka zo suka sha, suka yi waƙa, suka cika jarkoki suka koma Potiskum da murna.

Sati biyu bayan nan na koma ɗauko itacen kura da muka bari. Bakin rijiyar a bushe yake, babu sawun ƙafa, babu laka. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan dakali. Ina tsaye mata shida suka wuce da jarkoki a ka, sun dawo daga wancan gari mai nisa, gumi yana zuba. Ta gefen rijiyar suka bi. Ba wadda ta juyo.

Magana ba ta daɗe ba ta iso kasuwar Potiskum. Ba a ce Fasto ya yi kuskure ba, wa ya san Fasto? Cewa aka yi Sale ya gina rijiyar da ko akuya ba ta sha. Wasu suka ce gawa na tarar a ƙasa na yi shiru. Wasu suka ce hannuna ne ya lalace. Wani mai gidan burodi da ya ce in zo in yashe masa rijiya ya aiko cewa in bari tukuna. A sana'armu suna shi ne jari. Ba mai ganin aikinka, yana can ƙasa cikin duhu. Abin da aka faɗa a kanka shi ake saya. In maganar nan ta zauna, ni da rami har abada, kuma Gimba ma ya tafi tare da ni.

Na sayi goro na koma wurin Baba Disa. Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Na tsuguna na gaishe shi da ɗan Karai-Karancin da na iya. Ya bar ni a tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya yi magana da Hausarsa mai nauyi.

"Kai yaron Jaji ne?"

"Ni ne, Baba."

"Jaji bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini."

Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Baƙon ba shi da laifi. Bai sani ba. Kakana da ya zo nan daji ne. Ya sari ƙasa, ruwa ya fito, duk wanda ya zo ya sha ya zama baƙonsa, ya zauna a ƙarƙashinsa. Haka gari yake farawa. Wanda ya buɗe ƙasa shi ne mai gari. Yanzu kana so jikokina su sha ruwan can, su wayi gari baƙi a kan kabarin ubanninsu?"

Na ce ko zai zo ya sara a gefenta yanzu, a gyara. Ya ce ƙasar da aka riga aka buɗe ba a sake buɗe ta. Na ce to mene ne magani. Ya ce, "A rufe bakin da baƙo ya buɗe. Sannan a zo a tambaye ni."

Ran Lahadi da hantsi na sake zuwa gidan Yerimaram. Na tarar suna ibada a falo, su da wasu mutane kamar goma, ana waƙa da Hausa da ɗan ganga. Na zauna a benci ƙarƙashin gwaiba ina jira. Waƙar tana fitowa ta taga a hankali, ganye yana motsi, inuwa tana yawo a kan ƙafata, har gyangyaɗi ya fara ɗaukata. Na ji kamar ina can ƙasa ana magana a sama. Da suka tashi Fasto ya fito da fara'arsa, ya ce, "Malam Sale, ka zo shiga ne?" Na ce a'a, na zo fitar da magana ne.

Na faɗa musu duka, ban rage ba. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce su ma sun lura ba a sha, sun ɗauka tsoron addini ne, wai mutane suna jin an sa wani abu a ruwan. Har sun shirya su je su sha a gaban kowa.

Na ce, "Ko kun shanye ta ba mai sha. Ba addininku suke gudu ba. Hannunka suke gudu."

Ya ce, "Amma ruwa na Allah ne. Ni ban zo karɓar ƙasar kowa ba."

"Ka karɓa, Fasto. Da dagina ka karɓa."

Mama Rifkatu tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai ka san haka ranar?"

"Na sani, Mama."

"Me ya hana ka riƙe ƙarfenka?"

"Yunwa."

Ta ce, "To. Wannan amsa ce." Ta ci gaba da tsintarta.

Fasto ya shiga zagaya tsakar gida. Ya ce mutanen da suka aiko su sun ga hoto, sun yi murna, yanzu ya ce musu a binne? Ya tsaya ya tambaye ni abin da ya fi damunsa: in tsohon ya zo sara, me yake yi, akwai yanka, akwai kiran wani abu? Na ce ni dai abin da na saba gani, tsoho yakan yi magana ƙasa-ƙasa da harshensa, ya sara, ya miƙo dagi. Abin da yake faɗa tsakaninsa da ƙasarsa ne. Ni ma ba na tambaya, nakan tsaya gefe in yi bisimillata. Na ce in za a tona sabuwar rijiya, zan gina ta a kan abinci kawai, don sunana nake nema.

Mama Rifkatu ta ajiye tiren. Ta ce, "Yakubu, sati shida muna rubuta abin da suke bukata. Ba mu rubuta wa za a tambaya ba. Ka ce mun zo mu ji. To ga shi an faɗa."

Fasto ya zo ya zauna kusa da ni a benci. Sannan ya ce da ni, "Ranar yaushe za mu?"

Binne rijiya mai ruwa shi ne aiki mafi muni da na taɓa yi. Muka ciro ringi shida na sama, sauran muka bar wa ƙasa. Kafin a fara na sauka sau ɗaya, ba don komai ba. Ruwan ya kwanta, ya yi garau, sama tana ciki da ɗan gajimarenta, da kan Gimba ƙarami. Na sha na hau. Fasto ya tuɓe rigarsa ta sama ya karɓi shebur. Wannan karon na ba shi da hannu biyu, don rufewa tasa ce. Shebur na farko da ya zuba, mun daɗe kafin mu ji ƙarar faɗawarsa. Mai kyamara ya ɗaga, Mama Rifkatu ta sa hannu ta sauke masa ita. Kwana biyu muna zuba ƙasa. Hannun Fasto ya yi bororo ya fashe, bai ajiye ba. A rana ta biyu da la'asar samarin gari uku suka zo da nasu shebur, suka kama.

Da aka gama Fasto ya je zauren Baba Disa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa. Na yi musu tafinta inda Hausa ta gaza. Fasto bai yi dogon bayani ba. Ya ce ya shiga gida ta kan katanga, yanzu ya zo ta ƙofa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai dogo ne, shi ya sa."

Baba Disa da kansa ya zaɓi wuri, yamma da gari, kusa da rijiyar kakansa da ta rufta. Ni da na duba ban so wurin ba. Babu gawo, babu kanya, sai ƙasa mai fari-fari. Na buɗe baki zan yi magana, wannan karon na yi ta. Na ce, "Baba, ruwan nan zai yi nisa, kuma ban ba da tabbacin daɗinsa ba." Ya ce ya ji. Ya karɓi dagi, ya yi maganarsa ƙasa-ƙasa, ya ɗaga da ƙyar ya saki. Bakin ƙarfen ko rabin yatsa bai shiga ba. Ya miƙo mini. Baƙin suna can nesa a jikin motarsu.

Tun ranar farko kunu ya sauko. Amma ƙasar ta ba mu wuya. Farin yashi ya tare mu a gaba shida, sai da muka riƙa saukar da ringi muna tona ta cikinsa, taku ɗaya a yini. Gaba goma sha huɗu, ƙura. Sha shida, ƙura. Gimba ya daina kallon idona in na fito. Na san in wannan ta ƙi, za a ce mutumin da ya binne ruwa ya tono ƙura, kuma gaskiya za a faɗa. A gaba goma sha takwas numfashi ya fara nauyi, kullum sai mun yi awa biyu muna zura ganye kafin in sauka. Sama ta koma kamar ƙwayar gero. Nakan zauna in jingina da bango in rasa ko yau ce ko jiya, in ji kamar Baba Jaji yana sama yana jiran guga.

Kwana na talatin da bakwai, a gaba goma sha tara da rabi, ƙasa ta manne wa yatsana. Na buga, na sake bugawa. Ruwa ya taso a hankali, ba kamar na farko ba, kamar mai jin kunya. Na kamfata na kai baki. Zartsi. Ba mai yawa ba, amma duk mai harshe zai ji.

Muka bar shi ya kwana ya kwanta. Da safe gari ya taru. Aka jawo gugan farko aka zuba a sabuwar ƙwarya aka miƙa wa Baba Disa. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye. Ya yamutsa fuska ya ce, "Irin na kakana ne. Haka yake da gishiri-gishiri." Tsofaffi suka yi dariya. Sannan ya ɗaga hannu ya yafito Fasto daga jikin mota. Ya miƙa masa ƙwaryar ya ce, "Sha, baƙo. Yanzu kana iya zama ka faɗi abin da ya kawo ka. Ji dai za mu ji. Ban ce maka komai ba." Fasto ya sha har ya ɗiga a gemunsa. Mata kuwa ba su jira an gama ba, tuni jarkoki sun yi layi har bakin hanya.

Abin da ya biyo baya tsakaninsu da garin ban bi ba, ba aikina ba ne. Na tattara kayana na dawo Dogo Nini na kwanta kwana uku. A rana ta huɗu wani mutum ya tsaya da babur a bakin layinmu, daga ƙauyen da ke gaba da nasu, rigarsa duk jar ƙasa. Ina jinsa daga zaure yana tambayar mai shayi, "Ina ne gidan Sale mai rijiyar zartsi?"

Gimba yana zaune kusa da ni. Ya ce, "Ka ji sunan da ka samo mana."

Na ce, "Tashi ka ɗauko igiya."